Shekarar da Na Sayo wa Babanku Teku

Na san abin da kuke faɗa a tsakaninku game da tankin kifin da ke falona, kuma ba na jin haushi. Tsohuwa a Mubi, garin da wani lokacin ko ruwan wanka sai an jira mai kura, ta ajiye ruwan gishiri a cikin gilashi tana yi masa hidima kamar jinjiri. In da ni ce ku, da na faɗi abin da ya fi haka. Sai dai kowannenku guntun labarin ya riƙe. Tizhe ya san yadda aka saye shi, Tumba ya san yadda aka kafa shi, Masi kuma ta san abin da ya jawo mata. Babu wanda ya ji shi daga bakina tun daga farko, shi ya sa na ware masa wannan babi.

Babanku Vandi ɗan manomi ne daga Vimtim. Har ya zama saurayi bai taɓa ganin ruwan da ya fi rafin bayan gonarsu faɗi ba. Ya bi motar shanu zuwa Legas, ya koyi walda a bakin tashar jiragen ruwa, daga nan wani kamfanin gyaran jirage ya ɗauke shi ya koya masa nutso, ya zama mai yin walda a ƙarƙashin ruwa. Lokacin da muka yi aure ni sabuwar nas ce a nan Mubi, kuma ban yarda na bar aikina ba, shi ma bai matsa ba. Haka muka yi shekara ashirin da shida, yana can ina nan. Yakan zo da Kirsimeti, yakan zo da damina in an ba shi hutu. Ku uku duk a bayan idonsa na haife ku. Na saba da jin ƙarar mota a ƙofar gida in miƙe, alhali na san ba watan zuwansa ba ne.

Ruwan Legas bai taɓa burge shi ba, yakan ce kamar nutso cikin kunu ne, ko hannunka ba ka gani. Amma akwai shekarar da kamfanin ya tura su aiki Bahar Maliya na wata bakwai. Mutumin da ya dawo mini daga can ba shi ne wanda ya tafi ba. Mai ƙarancin magana ne tun asali, amma in ya fara zancen wannan ruwa sai tuwo ya huce a gabansa. Ya ce a can kana ganin ƙasa tun daga kan jirgi, kuma akwai dazuzzukan murjani da kifaye ke kiwo a ciki kamar awaki a gindin dutse. Ni murjanin da na sani shi ne na wuya, irin wanda maƙwabciyata Dada Asta ke sa wa ran suna. Na gaya masa haka, ya yi dariya har ya ƙware.

"Maman Tizhe, wancan gawarsa ce. Murjani yana da rai. Yana buɗewa, yana rufewa, in ka kai hannu ya noƙe."

"Dutsen ne ke noƙewa?"

"Sai kin gani. Zan kai ki, da ƙafarki za ki shiga."

Ba sau ɗaya ya yi wannan alkawari ba, kuma ba ƙarya yake yi ba. Da farko karatunku ne ya tare hanya. Da ya ajiye aiki ya dawo gida, kunnensa ɗaya ya riga ya mutu saboda nauyin ruwa, muka ce bari ya huta tukuna. Sai ga shekarar da 'yan tada ƙayar baya suka shigo, muka gudu muka bar garin da kayan jikinmu kawai. Da muka dawo, akwatinsa na ƙarfe babu shi, kuma a ciki ne hotunan da wani abokin aikinsa ya ɗauke shi a ƙarƙashin ruwa suke. Bai yi kuka don rufin ɗaki ko don buhunan masara ba, amma ya yi kwana uku yana tona tarkacen bayan gida da sanda. Muka sake gini, muka sake noma a Vimtim. Sai wata safiya yana ɗaura buhu a bayan mashin ya zame ya faɗi, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, magana ta tafi.

Na yi jinyar mutane da yawa a rayuwata, na san yadda mai wannan ciwo ke yi in ya yanke shawarar daina ƙoƙari. Wata biyar Babanku yana kan kujera yana kallon bango. In na ɗaga masa hannu don motsa jiki sai ya sake shi ya faɗi. Ba ya cewa komai sai "a'a", ita ma da ƙyar. Mutanen coci suka zo suka yi addu'a, Dada Asta ta kawo man shafawa na gargajiya, ni kuma ina ba shi magungunan asibiti a kan lokaci. Jikin yana nan, amma mutumin yana janyewa a hankali, kamar yadda yake yi a tashar mota in hutunsa ya ƙare.

Wata ranar Lahadi bayan an tashi daga coci, Tizhe ya kira daga Legas ta bidiyo. Yana zaune a ɗakin jira na wani otal inda zai ga wani baƙo. Na riƙe wa Babanku wayar kamar kullum. A bayan Tizhe akwai wani dogon gilashi mai shuɗin haske. Sai na ji hannun hagun Babanku ya damƙe mini wuyan hannu da ƙarfin da na manta yana da shi. Ya jawo wayar har kusa da hancinsa. Tizhe yana ta gaisuwa, shi kuwa ba shi yake kallo ba.

"Mur... murjani," in ji shi.

Na ce wa Tizhe ya tashi ya je kusa da gilashin, kada ya yi magana. Ya fi minti ashirin a tsaye da waya a hannu, har baƙon nasa ya zo ya tsaya yana jira. Ran nan Babanku ya cinye tuwonsa duka.

Da na ce ina son irin wannan tanki a gida, duk kun ɗauka gigin jinya ne. Masi, da ke Jos da mijinta, ta ce in sayi kifayen ruwan daɗi masu launi, ana samunsu ko a Yola, kuma ba sa mutuwa da wuri. Tumba, da ke zaune nan unguwarmu da iyalinsa, ya ce zai sa masa bidiyon teku a talabijin daga safe har yamma. An gwada talabijin ɗin. Ya kalla kwana biyu, rana ta uku ya juyar da kai. Mutumin da ya taɓa abu da hannunsa ya san bambanci. Tizhe ne kaɗai bai ce a'a ba, amma ya je ya yi tambaya, ya dawo mini da gargaɗi: ruwan gishiri ba ya yafe sakaci, kada wuta ta ɗauke ko na rabin yini, kuma zafin Mubi a watan Maris da Afrilu zai iya dafa komai a ciki.

Zaɓen ya ɗauke mu mako uku. Tizhe ya samo wani shago a Legas, yakan je ran Asabar ya kunna bidiyo, mai shagon yana bayani, ni ina rubutawa a bayan tsohon littafin awon masu ciki. Zuciyata ta fara kwantawa da wani ɗan ƙarami da bai fi cin jarka ɗaya ba, wanda zan iya ɗora shi a kan tebur kusa da gado. Mai shagon ya girgiza kai. Ya ce ƙaramin ruwa saurin zafi gare shi, kuma in ɗan kaɗan ya ƙafe sai gishirin ya yi yawa, kafin in ankara komai ya mutu. Na gane wannan nan take, don haka jarirai suke, ƙaramin jiki ba ya jure rashin ruwa. Tizhe kuwa babba yake so, wani mai tsawon gado, wai in za a yi wa Baba abu a yi masa mai kyau. Amma wancan yana da wani tankin daban a ƙarƙashinsa, da bututu suna hawa suna sauka, yana cin ruwa fiye da duro biyu. Na tambayi kaina wa zai gyara mini bututu in ya tsiyaya a Mubi, kuma wane gilashi mai wannan tsawo zai tsira daga ramukan hanyar Hong.

Sai mai shagon ya nuna mana na tsakiya. Yana cin kamar jarka biyar, faɗinsa bai kai hannu biyu a buɗe ba. Komai nasa a jikinsa yake: an raba bayansa da baƙin bango, a nan matatar ruwa da injin da ke juya ruwan suke ɓoye, fitilarsa a sama, kabad ɗinsa a ƙasa. Babu bututu a waje, babu abin da zai zube a ƙasa. Mai shagon ya ce ba zai ɗauki manyan kifaye ba, huɗu ko biyar ƙanana kawai da murjani mai laushi, amma mutum ɗaya zai iya kula da shi. Tizhe ya ɓata fuska.

"Mama, wannan ai bai kai na otal ɗin ba ko rabi."

"Kai za ka zo ka riƙa canja ruwan?"

Kafin ya ba ni amsa, Babanku ya miƙa ɗan yatsansa na hagu ya taɓa fuskar wayar daidai kan na tsakiyar. Ya dube ni, ya dubi bayana, inda nake dafewa in na tashi daga kujera, ya sake taɓa wayar. Na gane. Ya auna tankin da ƙarfina ne, ba da son ransa ba.

Abin da ya rage shi ne wuta. Sola ɗaya muke da ita, kuma tun da na yi ritaya firizata ke kanta. Kun san firizar nan. Da ita nake yin ƙanƙara da kunun aya da zoɓo, kuma ba don ciniki kawai ba. Saboda ita matan unguwa ke shigowa gidana daga hantsi har la'asar, a zauna a ƙarƙashin darbejiya a yi hira, in ji wa ya haihu, wa ya yi tafiya. Mai haɗa solar ya zo ya duba batir, ya ce ba za su ɗauki firiza da tanki da na'urar sanyaya ruwansa a tare ba, sai in zaɓi ɗaya. Na kwashe abin da ke ciki na raba wa maƙwabta, na wanke ta, na ba matar Tumba. Dada Asta ta tsaya a bakin ƙofa tana kallo ana fitar da ita.

"Kai, Maman Tizhe. Ka ba da firiza don kifi wanda ba a ci?"

"Ba a ci, Dada."

"To Allah ya ba shi lafiya. Amma gidanka zai yi shiru."

Gaskiya ta faɗa. Cikin wata guda matan suka koma gidan Tumba, inda sanyi ya koma. Ita kaɗai ta ci gaba da leƙo ni.

Tankin ya iso cikin motar kaya, an naɗe shi da katifa biyu. Tumba ya kafa shi a bangon da rana ba ta bugawa. Muka sayo tataccen ruwa daga masu yin ruwan leda, muka dama gishirin da aka aiko a bokiti, ba irin na miya ba, muka jera farar ƙasa da duwatsu masu ramuka. Sannan aka ce mu jira mako shida ba kifi ba komai, har ruwan ya nuna. Mutane suka riƙa shigowa ganin teku, su tarar da duwatsu a cikin ruwa, su fita suna danne dariya. Babanku bai damu ba. Kowace safiya sai na tura kujerarsa gaban gilashin. Akwai wani ɗan madubi da ake ɗiga ruwa a kai a duba yawan gishiri, sai an ɗaga shi sama an kanne ido ɗaya. Ya ƙwace wannan aikin daga hannuna. Don ya riƙe madubin daidai, sai ya fara tallafa shi da hannun daman da ya yi wata shida bai motsa ba. Na shiga kicin na yi kukana.

Kifayen da murjanin ta jirgin sama suka zo Yola, Tumba ya ɗauko su cikin kwalin sanyi ya kamo hanya ba tsayawa. Kifi biyu ne masu ruwan lemo da ratsin fari, da wani ɗan shuɗi, da ƙananan murjani guda shida da suka iso a dunƙule kamar tsumma. Na ce a raina an cuce mu. Washegari da hantsi fitila ta kama, sai na ga ɗaya daga cikin tsummokaran nan ya buɗe, ya fito da wasu 'yan yatsu kore suna kaɗawa kamar geron da iska ke bi ta kansa. Babanku ya kama hannuna, ya sa ni na wanke shi har gwiwa, ya nuna mini in tsoma. Na kai yatsa kusa. Abin ya noƙe. Shekara talatin da wani abu bayan ya gaya mini, na ga dutse ya noƙe.

Yanzu na zo wurin da ya fi mini wuyar rubutawa, kuma Masi, da ke nake. Cikinki na fari ne bayan shekara tara kina jira. Mun shirya tun da wuri cewa zan zo Jos mako biyu kafin lokaci, Tumba da matarsa su kwana da Babanku. Jakata a ɗaure take. Sai zafin Afrilu ya sauko irin wanda ban taɓa gani ba, na'urar sanyaya ruwan ta fara kasawa da rana tsaka. Murjani biyu suka yi fari fat cikin kwana uku, ɗan shuɗin kifin ya mutu. Ranar da na tsamo shi, Babanku ya ture kwanon abincinsa, ya koma kallon bango. Sai na koma aikawa a kawo mini ƙanƙara daga gidan Tumba ina sa ta cikin leda ina jefawa a bayan tankin, ina duba ma'aunin zafi kowace awa, ina rage fitila, ina ƙara ruwa. Tumba yana shago, matarsa tana da goyo. Babu wanda zai tsaya a kan abin nan awa bayan awa sai ni. Na kira ki na ce zan jinkirta kwana huɗu. Kwana huɗu suka zama goma. Naƙuda ta zo miki da wuri, aka yi miki aiki, kuma ni da na karɓi haihuwar matan da ban san sunansu ba, ba na wurin.

"Mama, kin zaɓi kifi a kaina," kika ce, muryarki ko ƙarfi babu.

Na ce miki ba kifi na zaɓa ba, Babanki na zaɓa. Haka nake ta faɗa tun daga ranar, kuma gaskiya ne, amma ba ita ce duka gaskiyar ba. Ga sauran. Shekara ashirin da shida ruwan nan yana riƙe mini miji, ina kwana ni kaɗai ina ƙoƙarin hango abin da yake gani. Da ya dawo, na samu mutumin amma ban samu wurin ba. A watannin nan da muka yi gaban gilashi, karo na farko ke nan da muke kallon abu ɗaya ni da shi. Ban so ya ƙare ba. Tsoron mutuwarsa ya riƙe ni, amma son kaina ma ya riƙe ni, kuma ke kika biya. Ban taɓa ba ki haƙuri yadda ya kamata ba, kullum bayani nake yi miki. Ki yi haƙuri, 'yata.

Ruwan sama ya sauka a farkon Mayu, gari ya yi sanyi, murjani huɗun da suka rage suka farfaɗo. Babanku ya koma cin abinci. Maganarsa ta dawo kaɗan kaɗan, kalma biyu, kalma uku, har yakan kira sunan kowannenku. Ya yi damina guda cur a haka. Wata la'asar, ana gab da girbin masara, muna zaune gaban tankin ina tsince wake, ya daɗe yana kallon kifayen nan biyu suna shiga suna fita cikin koren murjanin. Sai ya juyo da kunnensa mai ji wajena, yadda yake yi in yana son magana ta gaske.

"Ba haka yake ba," ya ce. "Can... ba bango. Ka duba, ka duba, ba ya ƙarewa."

Na ajiye tiren.

"Ban kai ki ba."

"Ka kai ni inda ƙafata za ta iya zuwa, Baban Tizhe."

Ya girgiza kai, bai yarda ba. Shi mutum ne da ba ya karɓar rangwame a kan alkawari. Bayan mako uku ciwon ya sake bugunsa da safe, kafin azahar ya cika.

Tizhe ya yi ta roƙo in koma Legas wurinsa, ya ce teku na gaske yana nan minti arba'in daga gidansa. Na je sau ɗaya, na tsaya a bakin yashi, na ga ruwa mai launin toka yana ta dukan ƙasa, ban ga komai a cikinsa ba. Na kwana biyu na dawo. Tankin yana nan, koren murjanin ya yaɗu har ya rufe dutsen hagu, kifayen biyu sun tsufa tare. Bayana ba ya barina in ɗaga jarka yanzu, Tumba ke zuwa ran Asabar ya canja ruwan, yana gunaguni yana yi.

Masi, yarinyar nan da kika haifa ta shiga shekara ta biyar, kuma sau biyu kawai na ɗauke ta. An ce tana da yawan tambaya, kuma in an ba ta amsa sai ta ce a nuna mata. Na koya wa matar Tumba auna gishiri da sa ƙanƙara, ta iya, na gwada ta har sau uku. In kin ce in zo, ko a tsakiyar Afrilu ne, zan rufe ƙofa in shiga mota.